Koci Oliver Johnson Da Tarihin Ƙwallon Kwando A Arewa

Yabon gwani ya zama dole, in ji Hausawa. Wannan ne ya sa na zaɓi in yi amfani da filin da kwamitin mujallar nan ya ba ni domin in tuna wa 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai tarihin wani bawan Allah da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen koya wa 'ya'yanmu ƙwallon kwando, wato Koci Oliver B. Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda aka fi sani da OBJ.

Shi dai wannan wasa a makaranta aka haife shi. Wani malamin motsa jiki ne ɗan ƙasar Kanada mai suna James Naismith ya ƙirƙiro shi a shekarar 1891 a garin Springfield na ƙasar Amurka, don ya sama wa ɗalibansa abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu ya rataya, ya kuma tsara dokoki 13. A nan Nijeriya ma makarantu da barikokin soja da na 'yan sanda ne suka fara riƙe wasan, kafin ya bazu cikin gari.

Koci Johnson baƙar fata ne ɗan Amurka. Ya zo ƙasar nan fiye da shekara 50 da suka wuce, ya kuma zauna a Zariya, inda ya shafe sama da shekara 40 yana horar da matasa. Duk wanda ya yi karatu a Samaru kamar yadda na yi bayan na bar Birnin Kebbi, ya san filin ƙwallon kwando na jami'ar da yamma. Ban taɓa shiga ƙungiyar jami'a ba, domin tsawona bai kai ba, amma na sha tsayawa kallo. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, filin bai tsaya ga ɗaliban jami'a kaɗai ba. Akwai 'ya'yan ma'aikata, akwai 'yan firamare da na sakandare daga unguwannin da ke kewaye, kowa ana koya masa yadda zai buga ƙwallo a ƙasa, ya miƙa wa ɗan'uwansa, ya jefa a raga. Abu ɗaya za a yi ta maimaitawa har sai hannu ya saba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga cikin yaran da suka ratsa hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, ya kuma fara wasan yana ɗan shekara 13. Masai bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba, amma ya yi fice wajen shugabanci. A 2013 an zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na gasar NBA ta Amurka, sannan a 2019 ƙungiyar Toronto Raptors ta ɗauki kofin gasar a ƙarƙashin jagorancinsa. Tun a 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa mai shirya wa yara sansanin horo da gina musu filaye a ƙasashen Afirka. Bai kuma ɓoye cewa a wurin OBJ ya sami tushe ba.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen Zariya ne, bai shafe mu ba. A shekarar 1978, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, an yi gasar wasanni ta makarantun horon malamai a birnin Sakkwato. Cikin ɗaliban da suka zo daga Legas akwai wani dogon yaro ɗan shekara 15 da ya saba da ƙwallon hannu da tsaron gida a ƙwallon ƙafa. A wannan gasa ce aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Sunansa Hakeem Olajuwon. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston, a 1984 shi aka fara ɗauka cikin sababbin 'yan wasan NBA, ya kuma ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995. Gasar 'yan makaranta ce ta fito da shi, a ƙasar da muke takawa.

Irin wannan shuka ce ta yi 'ya'ya daga baya. Ƙungiyar maza ta Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 2015. Ta mata kuwa ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a wasannin Olamfik na birnin Paris a 2024, abin da babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa yi kafin nan.

Yanzu sai mu dubi gida. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 muke alfahari da 'yan kokawa da masuntan Argungu, kuma duk wanda ya ga samarinmu a fadama ya san Allah Ya hore mana ƙarfi da tsawo. Abin da ya rage shi ne fili da mai koyarwa. Ƙwallon kwando ba ya cin wuri: daɓen siminti mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, sanduna biyu da ƙwallo, shi ke nan.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara biyu. Ta farko, a sa gyaran filin ƙwallon kwando na makarantarmu cikin ayyukan da za mu tara wa kuɗi, a kuma sa kofi da gidajen kwanan ɗalibai za su riƙa fafatawa a kansa kowace shekara. Ta biyu, mu nemo tsofaffin malaman wasanninmu da suka yi ritaya, mu gayyace su taron shekara, mu karrama su a gaban ɗalibai tun suna da rai. Su ne suka sha rana tare da mu da usur a wuya, ba don wani ƙarin albashi ba.

Allah Ya saka wa Koci Johnson da malamanmu da alheri, Ya kuma ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.