2.3 Madogarar Tarihin Duba: Katin Tarot da Bugun Ƙasa

Mai son bin tarihin katin tarot na Turawa ba ya rasa madogara. An fara yin katin a arewacin Italiya a ƙarni na 15 domin wasan karta kawai, sai a ƙarshen ƙarni na 18 Faransawa suka mayar da shi abin duba. Stuart Kaplan ya fitar da juzu'in farko na kundinsa The Encyclopedia of Tarot a 1978, cike da hotunan tsofaffin katuna domin masu tara su. A 1980 Michael Dummett ya rushe da'awar cewa daga tsohuwar Masar katin ya fito.

A ƙasar Hausa kuwa, har da yankin Fakku da Kebbe, bugun ƙasa aka sani. Shi kuma a kan yashi ake zana shi, a share da tafin hannu, babu abin da za a tara a adana. Saboda haka dole mai nazari ya koma ga littattafai: na Zanati, malamin Magrib, kan gidaje 16 na ramli, da Durrul Manzum na Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, kodayake shi ɗalasimai da taurari ya fi bai wa ƙarfi.

A ganin mai wannan bincike, Nurul Albab na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fi su amfani ga ɗan tarihi. Sukar da ya yi wa masu da'awar sanin gaibu ta zanen yashi shaida ce cewa al'adar ta yaɗu a zamaninsa.