Kiran nesa: tarihin ƙoƙarin ɓoye tazarar da ke tsakanin kwamfutoci

Duk manhajar da aka rubuta tana kasu kashi-kashi, kowane kashi da aikinsa. Idan wani kashi yana bukatar a yi masa lissafi, sai ya kira wanda aka ɗora wa lissafin, ya miƙa masa lambobi, ya jira amsa. Muddin duk suna cikin kwamfuta ɗaya, kiran kan kammala kafin ƙiftawar ido. Tambayar da ta taso wa injiniyoyi a shekarun 1970 ita ce: in kashin da ake kira yana wata kwamfuta a wani gari, za a iya kiransa da irin wannan sauƙin? Amsar da suka bayar ita ce dabarar RPC, wadda za mu kira kiran nesa.

A 1976 James White ya fitar da takarda mai lamba RFC 707 don hanyar sadarwa ta ARPANET, inda ya ba da shawarar a samar da tsari guda na kira da amsawa, maimakon kowace manhaja ta ƙirƙiro nata yaren. Bruce Nelson ya rubuta kundin digirinsa na uku kan batun a Jami'ar Carnegie Mellon a 1981. Bayan shekara 3, shi da Andrew Birrell suka wallafa bayanin yadda suka gina shi a cibiyar bincike ta Xerox PARC. Dabarar tasu ta wakilai ce. Mai kira zai kira wani ɗan wakili da ke cikin kwamfutarsa, kamar yadda zai kira kowane kashi. Wakilin ya ɗaure saƙon, ya tura shi ta waya. A can wani wakilin ya kwance, ya miƙa wa mai aikin, sannan amsa ta biyo hanyar da saƙo ya bi. Ba mutum ke rubuta wakilan da hannu ba. Ana rubuta yarjejeniyar abin da za a aika da abin da za a karɓa, sai wata manhaja ta haifar da su. Har yau a kan wannan tubali ake gini.

Kamfanoni suka yi rububin abin. Sun Microsystems ya ɗora tsarinsa na raba fayiloli, NFS, a kan nasa kiran nesan a tsakiyar shekarun 1980. A 1991 ƙungiyar OMG ta fitar da CORBA, da burin manhajojin da aka rubuta da harsuna dabam-dabam su riƙa kiran juna. Microsoft ya ɗauki tsarin DCE ya gina nasa a kai, daga baya ya fito da DCOM. Alkawarin da suke yi wa mai rubuta manhaja iri ɗaya ne: manta da tazara, mu za mu ɗauke maka ita.

A 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa 3 a ɗakin binciken Sun suka rubuta takardar da ta ƙalubalanci wannan alkawari. Sun lissafa bambance-bambance 4 da wakili ba zai iya shafewa ba: jinkiri, rashin ma'ajiyar bayanai guda, ayyuka da yawa da ke gudana lokaci ɗaya, da lalacewar wani ɓangare alhali sauran na aiki. Jinkirin abu ne na lissafi. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, don haka zuwa da dawowa tsakanin wurare masu nisan kilomita 5,000 ba zai gaza kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa ba. Manhajar da ta jera irin wannan kira 100, ɗaya bayan ɗaya, ta ci daƙiƙa 5 tana jira kawai.

Na huɗun ya fi wuya. Hausawa kan ce shiru ma magana ce, to amma shirun kwamfutar nesa magana ce mai harshen damo. Wataƙila saƙon bai isa ba. Wataƙila ya isa, an yi aikin, amsar ce ta ɓata a hanya. Mai kira ba shi da yadda zai bambance. Birrell da Nelson sun san haka, shi ya sa iyakar tabbacin da suka bayar shi ne: in amsa ta dawo, an yi aikin sau ɗaya, in ba ta dawo ba, ko an yi sau ɗaya ko ba a yi ba. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi a banki amma ba su shiga asusun da ya tura ba, ya ɗanɗani irin wannan matsala. In manhaja ta sake kira a makance, ana iya cire kuɗin sau 2.

Akwai kuma batun tsaro, domin ƙofar da aka buɗe wa kira ɓarawo ma na iya bi ta cikinta. A watan Agustan 2003 tsutsar kwamfuta mai suna Blaster ta bazu a duniya ta wani rauni da ke cikin kiran nesa na Windows, ta ƙofa mai lamba 135. Microsoft ya riga ya fitar da gyara a watan Yuli, amma ɗimbin kwamfutoci ba a saka musu ba.

Nauyin CORBA da rikitarwarsa suka sa mutane suka koma kan yaren shafukan intanet: XML-RPC a 1998, sai SOAP, sai salon REST da Roy Fielding ya bayyana a 2000. Duk da haka kiran nesa bai mutu ba. Google ya daɗe yana amfani da nasa mai suna Stubby a cikin gida, Facebook ya saki Thrift a 2007, sannan gRPC ya fito a 2015, yana tafiya a kan HTTP/2 da tsarin ɗaure saƙo na Protocol Buffers.

Abin da ya sauya shi ne an daina yi wa mai rubutu alkawarin mantawa da tazara. Mai saita gRPC a yau shi zai yanke wa kira wa'adi, domin in bai sa ba, kiran na iya zama yana jira ba iyaka, har masu jira su taru su durƙusar da manhajar. Shi zai faɗi kiran da ya halatta a maimaita, kuma kira irin na biyan kuɗi sai an liƙa masa lambar shaida ta musamman, yadda mai amsawa zai gane maimaici ya ƙi yin aikin sau 2. A yarjejeniyar saƙo kowane gurbi da lambarsa, kuma ba a sake ba wani gurbi lambar da aka yi ritaya, don kada tsohuwar manhaja ta yi wa sabon saƙo mummunar fahimta. Sai kuma kulle hanyar da TLS, da tantance wanda ke kiran.

Kowane layi a fayil ɗin saiti yana da asali a wata asara da aka taɓa yi tsakanin 1976 da yau. Shugaban ma'aikatar da aka kawo masa sabuwar manhajar biyan kuɗi ko ta ajiyar bayanan marasa lafiya ba ya bukatar iya rubuta ta kafin ya tambayi injiniyoyinsa abu ɗaya: in aka yi kira aka ji shiru, me manhajar za ta yi?