Daga Kara Zuwa Gawayi: Tarihin Tsadar Makamashi a Gidan Bahaushe

Kalmar makamashi ta girmi man fetur da lantarki nesa ba kusa ba. A bakin kakanninmu, makamashi shi ne duk abin da za a tura a murhu wuta ta kama, watau kara, da ƙirare, da itace, da totuwar masara, da busasshen kashin shanu. Sai daga baya ne gidajen rediyo da jaridu suka faɗaɗa ma'anarta, har ta ɗauki kananzir da iskar gas da wutar lantarki. A wannan maƙala za mu bi diddigin yadda abin da a da ake tsintowa a bayan gari ya zama babbar kafar da kuɗin magidanci ke zurarewa, da kuma dabarun da gidaje suka riƙa yi duk sa'ad da tsada ta taso musu.

Mutumin ƙauye na zamanin da bai san sayen makamashi ba. In an girbe dawa da gero sai a kwaso kara a jibge a bayan ɗaki, ya kai gida har tsakiyar rani. Itatuwan gona, irin su gawo da ɗorawa da tsamiya, ana sassaftar rassansu ba tare da an kayar da su ba. Ita kanta wutar ba a barinta ta mutu da wasa, domin tayar da ita da ƙyastu aiki ne. In ta mutu sai a aiki yarinya da kasko ta ɗebo garwashi a maƙwabta. Haske kuwa na aci-balbal ne, man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga.

Amma birni daban yake. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Kano saye suke yi, jakuna na shigowa ta ƙofofin gari da lodin itace daga karkara. Nauyin nan kuwa a wuyan maigida yake, tun da matar kulle ba ta fita daji, kuma malaman fiƙihu, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun lissafa itacen girki cikin abubuwan da suka wajaba miji ya kawo, tare da ruwa da mai da gishiri. A nan ne birni ya fito da dabarar da, a ganina, ta fi kowace inganci, ko da yake ba kasafai ake kallonta a matsayin tsimin makamashi ba. Dabarar ita ce sayen dafaffen abinci. Gidaje da yawa ba sa hura wuta sau uku a yini. Da safe a aiki yaro ya sayo koko da ƙosai, da rana a sayo fura ko ɗanwake ko dambu daga wata maƙwabciya mai sana'a, sai da dare uwargida mai girki ta ɗora tukunyar tuwo. Ta haka wuta ɗaya take ciyar da gidaje goma, kuɗin kuma ya zaga tsakanin matan unguwa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka biyo shi da kayansu, har da kananzir a cikin garwa mai cin galan huɗu. Harshe ya adana mana shaidar wannan zamani: kananzir da lantarki daga Turanci aka aro su, risho kuwa daga Faransanci. Garwar ma ba ta tafi a banza ba, don masu sayar da ruwa sun daɗe suna rataya ta biyu a sanda. Shekaru da dama aikin kananzir bai wuce fitilar ƙwai ba. Girki da shi sai gidan akawu ko malamin makaranta, ko gwauron da ba shi da mai hura masa wuta.

Arzikin mai ne ya sauya wannan. An buɗe matatar Fatakwal a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980. Madatsar ruwa ta Kainji ta fara ba da wuta a 1968, aka kuma kafa hukumar NEPA a 1972. A 1973 gwamnatin Janar Gowon ta daidaita farashin mai a ko'ina cikin ƙasa, ta yadda mai saye a Sakkwato zai biya abin da mai saye a Ikko ya biya. Ga kuma ƙarin albashin Udoji da ya shiga aljihun ma'aikata a 1975. Risho ya shiga sahun kayan ɗakin amarya. Da yake kuma an fito daga farin 1972 zuwa 1974, masu kiran a dasa itatuwa sun ɗauka cewa kananzir mai araha shi ne zai ceci daji daga gatari.

Wannan sauƙi bai cika shekara ashirin ba. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi, sa'an nan ɗan ƙarin da aka yi a 1988 ya jawo zanga-zangar ɗalibai da ma'aikata. A zamanin Janar Abacha matatun sun tabarbare, kananzir ya yi ɓatan dabo, yara suka riƙa kwana a layi da jarkoki, wanda bai samu ba ya koma wurin 'yan bumburutu. Wani lokaci ma abin da ya sayo gauraye yake da fetur, fitila ta fashe ta ƙona 'yan ɗaki. A wannan ƙunci ne wani murhun ƙarfe mai cin gawayi ko garin katako ya bazu a biranen ƙasar, jama'a suka raɗa masa suna murhun Abacha. Talaka bai rubuta tarihin mulkin nan a littafi ba, amma ya rubuta shi a madafa.

Bayan dawowar mulkin farar hula an shafe shekaru ana cewa farashin gwamnati na kananzir Naira 50 ne lita, alhali kuwa ƙalilan ne suka taɓa sayensa haka. Tallafin a hannun dillalai yake ƙarewa. A watan Janairu na 2016 aka janye shi, aka sa Naira 83, daga nan aka sakar wa kasuwa, har lita ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2022. Masu ɗan hali sun koma tukunyar gas, ita ma ta ninka kuɗinta fiye da sau biyu cikin 'yan shekaru. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, abin da ya ɗaga kuɗin dakon komai, har da itace. A Afrilun 2024 kuma aka ƙara wa masu rukunin farko na lantarki kuɗin ma'auni ɗaya daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da bambanci tsakanin haske da girki. Ta fannin haske an sami mafita ta gaske: fitilar caji da ƙaramin faifan hasken rana sun kori fitilar ƙwai daga yawancin ɗakuna, har akwai yaran da ba su taɓa goge ƙwan fitila ba. Girki kuwa zafi yake bukata mai yawa, ba shi da irin wannan gajeriyar hanya. Saboda haka sai aka koma baya. Risho ya hau kan kabad, gawayi ya shiga gidajen da a da suke ganin ya yi musu ƙasa. Ana jiƙa wake tun dare, a sa masa kanwa don ya yi saurin nuna. Ana dafa abincin rana da na dare a tashi ɗaya. Taliyar leda mai dahuwa cikin minti kaɗan ta ci kasuwa.

Sai dai dajin da aka koma wa ba na jiya ba ne. Wani bincike da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka gudanar a kan itacen Kano, wanda aka buga a 1990, ya gano abin da ya ba mutane da yawa mamaki: itatuwan gonakin da ke kewaye da birnin ba su ragu ba, domin kowace bishiya tana da mai ita, shi kuwa ba ya yarda a kayar masa. Itacen da birni ke ci manyan motoci ne ke ɗauko shi daga dazuzzuka masu nisa, inda ba mai cewa nawa ne. Maƙwabtanmu na Nijar, da suka fuskanci irin wannan matsala wajen ciyar da Yamai da itace, sun bi ta wannan hanya. A shekarun 1980 suka yaɗa wani murhun ƙarfe mai rage cin itace da ake kira Mai Sauƙi, sa'an nan a 1992 suka yi dokar da ta ba ƙauyuka ikon kula da dazuzzukansu da buɗe kasuwannin itace na karkara, don a riƙa sara da ƙa'ida, ƙauyen kuma ya sami rabonsa na haraji. Tsarin ya sami tangarɗa a wurare, amma ya kama bakin zaren.

Gawayi shi ya fi itace ɓarna, tun da sai an ƙona itace mai nauyin da ya ninka nasa sau da yawa kafin a cika buhu guda, kuma masu yinsa itatuwa masu tauri suke nema, irin su ƙirya da kaɗanya. Mai hali yana sayen buhu tun kafin damina ya ajiye. Marar hali kuwa ƙulli-ƙulli yake saye a leda, na yau daban na gobe daban, wanda in aka tara na wata guda sai a tarar ya biya fiye da mai buhun. Matarsa ce kuma take durƙushe tana fifita, da goyo a bayanta, cikin madafar da sau da yawa ba ta da taga.