TARIHIN MAKO: Famfon Zariya, daga zamanin En'e zuwa yau

Wannan makon za mu taɓo maganar da ba wanda ya zauna a Tudun Wada ko Dutsen Abba da bai san ta ba, wato ruwan sha.

Gidan ruwa na farko a Zariya an gina shi a 1939, zamanin Sarkin Zazzau Malam Ja'afaru, lokacin da En'e ke riƙe da yawancin ayyukan gari. An yi shi ne daidai da garin wancan lokaci: Birni, Tudun Wada, Sabon Gari da unguwar Turawa. A 1975, shekarar da Alhaji Shehu Idris ya hau gadon sarauta, aka samu sabon gidan ruwa mai iya tace lita miliyan 50 a rana daga kogin Galma. Iyayenmu suna ba mu labarin yadda ake buɗe famfo da asuba ruwa ya zubo da ƙarfi. Mu kuwa da kurar 'yan garuwa muka buɗe ido.

Me ya faru a tsakani? Amsar da aka fi ji ita ce jama'a sun ƙaru, kuma gaskiya ne. Amma mu a ganinmu akwai abin da ya fi wannan ciwo. Gidan ruwa dukiya ce mai tsufa. Injin yana da shekarun da zai yi, bututu yana da nasa, madatsa kuma laka tana cika ta a hankali. Wajibi ne a samu littafi da ke nuna kowane bututu: ina ya bi, yaushe aka binne shi, da me aka yi shi, yaushe ya kamata a canza shi. A garuruwanmu da yawa wannan littafi yana cikin kan tsofaffin ma'aikata ne. Mutum ya yi ritaya ko Allah ya yi masa rasuwa, taswirar unguwa guda ta tafi da shi. Sai an zo yin kwalta, katafila ta fasa bututu, sannan a tuna akwai shi.

Sauyin 1976 ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e, aiki ya rabu. Famfon cikin gari na hukumar ruwa ta jiha, rijiyoyi da burtsatse na ƙauyuka kuma aka fi barin su a hannun ƙaramar hukuma. Mazaɓa irin Dutsen Abba, wadda ba birni ba kuma gari yana ta cimmata, ta faɗa tsakiya. Kowa ya san famfon tuƙa-tuƙa da aka ƙaddamar da kiɗa, ya mutu saboda 'yar roba ɗaya.

A 2008 Gwamna Namadi Sambo ya ba da kwangilar sabuwar matata mai lita miliyan 150 a rana. Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar Galma a ƙasar Kubau, Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci suka ba da rancen bututu da tankuna. An buɗe matatar a 2017 zamanin Gwamna El-Rufa'i, Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da kashi na biyu a 2019.

Irin waɗannan rance kan zo da ƙwararrun masu ba da shawara, waɗanda sana'arsu ke nan: su ƙirga kadarorin hukuma, su auna ruwan da ke zurarewa a hanya, su lissafa kuɗin wuta da alif da gyara na shekaru masu zuwa. A Ingila da Ostareliya mutum kan ƙare rayuwar aikinsa a wannan fanni. Mu nan, injiniyoyin ruwa da Jami'ar Ahmadu Bello ke yayewa a Samaru za su iya shi sarai, in za a ɗauke su a kuma ware kuɗin gyaran a kasafi.

'Yan shekaru kaɗan bayan bikin 2019, Gwamna Uba Sani ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa na jihar. Rancen kuwa yana nan, ana biyan sa daga aljihunmu.