Daga Kejin Zarɓa Zuwa Kejin Waya: Kiwon Ƙananan Tsuntsaye a Hindawiyya

Mutanen da suka fara rataya keji a ƙofar ɗaki a unguwar Hindawiyya ta Jidda, galibinsu da ƙafa suka zo ƙasar nan. Sun baro Kano da Katsina da Damagaram, suka ratsa Cadi da Sudan, wasu suka yi shekaru suna tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Da suka sauke farali ba su koma ba, sai suka yada zango a kudancin tsohon gari, a bayan ganuwar da aka rushe a 1947. Nan ne Hindawiyya da Sabil da Karantina suka cika da 'yan'uwanmu da sauran baƙi. Mai irin wannan tafiya ba ya zuwa da tsuntsu. Abin da ya zo da shi shi ne kunnen da ya saba da kukan kanari tun yana yaro, da hannun da ya iya ɗaura keji.

A gida da karan dawa da tsinke ake yin kejin. A nan babu karan dawa, sai zarɓar dabino, wadda mutanen Hijaz suka daɗe suna yin akurki da gadaje da ita. Na tashi na tarar da dattawan unguwarmu suna fere ta da 'yar wuƙa, su huda da ƙusa mai zafi, su jera tsinkaye ta yadda ɗan yatsa ba ya shiga tsakani. Wasu sukan yi keji mai hawa biyu, ƙasa ɗakin tsuntsun kira, sama kuma tarko mai murfi da ke faɗawa da zarar baƙo ya taka sanda. Duk ilmin wancan zamani a kan kamu ya tsaya: inda tsuntsu ke shan ruwa, lokacin da yake sauka, da yadda za a lallaɓa shi ya karɓi abincin keji bai mutu da baƙin ciki ba.

Kanari iri biyu suke ƙauna, duka na ƙasarmu. Akwai mai ƙirji ruwan ɗorawa, akwai ɗan ƙarami mai ruwan toka wanda ido ba ya ganin kyansa, amma in ya buɗe baki sai a dakata da hira. Namiji ne ke kuka, shi ya sa shi kaɗai ake nema, a ajiye shi shi ɗaya. Babu wanda ya damu da mace, domin babu wanda ke tunanin haihuwa a keji. In tsuntsu ya mutu, a jira lokacin aikin hajji, a roƙi wani mai zuwa, ko a leƙa kasuwa.

Ta fuskar addini kuwa, malaman zaurukanmu ba su taɓa hana mu ba. Sukan kawo labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, yaron da yake da ɗan tsuntsunsa a Madina, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya tarar da shi cikin damuwa ya rarrashe shi. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Daga nan malamai suka ciro halaccin tsare tsuntsu, da sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa, sannan su tuna mana matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba abinci. Kawuna, wanda a hannunsa na koyi wannan harka, ya mayar da sharaɗin nan doka. In ya dawo daga sallar asuba ba ya taɓa shayi sai ya zagaya kejinansa. Yakan ciro 'yar tasar gero ya kai bakinsa ya hura a hankali, ƙaiƙayi ya tashi, sai ka ga tasar da ka rantse cike take ashe ƙwaya kaɗan ce a gindinta. "Ɗana, ka gani ko? Yana ɓare ƙwayar ne ya bar ɓawon a wurin. Mai kallo daga nesa yunwa zai kashe tsuntsunsa da ita, tasa cike." Ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 12 zuwa 15 ba, kwana ɗaya ko biyu ba ci sun isa su kai shi ƙasa. Har yau wannan hurin shi ne abu na farko da nake nuna wa duk wanda ya zo koyo.

Shekarun 1970 zuwa 1990 su ne lokacin yalwa. Jiragen sama sun maye gurbin hanyar Sudan, kuɗin mai ya shigo, kasuwar tsuntsaye ta bunƙasa. Dakar da Bamako da Konakiri suka zama manyan tashoshin fitar da ƙananan tsuntsayen daji zuwa duniya, mafi yawa zuwa Turai, wani kaso kuma ya biyo ta nan. A ranar Juma'a sai ka tarar da akwatunan katako masu fuskar raga, cike da baiwar Allah da asisi da kanari, a cunkushe har wasu na taka wasu. Mun yi murna da ganin tsuntsayen da iyayenmu ke ba mu labari, ban musa ba. Amma ni da na tsaya a gaban akwatunan nan ba zan iya kiran wancan zamani zamanin albarka ba. Kowace safiya mai kaya yakan tsince gawarwaki daga gindin akwati kafin masu saye su iso. Wanda aka kai gida ma, sau da yawa ba ya cika wata. Tun da 'yan riyal kaɗan ne kuɗinsa, ba mai tsayawa ya tambayi abin da ya kashe shi.

Da mun tambaya da mun gane da wuri. Baiwar Allah da asisi ba gero kaɗai suke ci ba. A daji suna bin gara da ƙananan ƙwari, kuma da su suke ciyar da 'ya'yansu a kwanakin farko. Shi ya sa ko sun yi sheƙa a keji sun ƙyanƙyashe, sai ka tarar sun jefo 'ya'yan waje. Mutane su ce mugun hali ne, alhali uwar ta duba ne ba ta ga abin da za ta sa musu a baki ba.

Abin da ya juya harkar daga waje ya zo. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar CITES a 1996, takardun shigo da namun daji suka fara tsauri. Sai ga murar tsuntsaye. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen kamu a Oktoban 2005, ta mayar da haramcin na dindindin a Yulin 2007, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa cinikin da ke bisa rajista a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'inta na H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. A 2007 ta ɓulla a Saudiyya, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa a yankin Riyad, sannan a Disambar 2017 wani nau'inta ya sake bayyana a kasuwar tsuntsaye ta Aziziyya a can Riyad ɗin. Kamu bai ƙare ba, har gobe akan ga na ɓoye, amma ya yi wuya ya yi tsada. Wanda ke son tsuntsu dole ya koyi raya wanda ke hannunsa.

Nan ne ɗan tsuntsun da ake kira zibra ya shigo ya mamaye unguwa. Asalinsa ɗan Ostareliya ne, kuma tun 1960 ƙasar ta hana fitar da tsuntsayenta, don haka duk zibran da ka gani a Jidda a keji aka haifi kakannin kakanninsa. Bai san daji ba, ba ya dukan waya da ƙirji. Dattawa sun raina shi da farko, suka ce wannan ai ba kuka yake ba, tsiwa ce. Gaskiyarsu, muryarsa ba ta kama ƙafar ta kanari ba. Amma shi ne malamin da ya koya mana haihuwar keji. Namiji mai kunci ruwan lemo da ratsi a wuya, mace fes ba ado. Ka ba su ɗan kwando da busasshiyar ciyawa ko zaren ɓawon kwakwa, ta yi ƙwai huɗu zuwa shida, su yi kwanci bi da bi kwana 12 zuwa 14, bayan mako uku 'ya'ya su fito daga sheƙa, bayan wasu mako biyu su iya ci da kansu. A bayansa sai ga bangali, wanda mutanen Japan suka daɗe da mayar da shi ɗan gida, mai haƙurin da in ka sa masa ƙwan wani zai kwanta ya rena. Da shi masu guldiyan suke ceto ƙwan da uwa ta guje wa. Guldiyan kuwa, wanda John Gould ya raɗa wa sunan matarsa Elizabeth a 1844, shi ne sarkin kyau kuma sarkin laulayi. Ba na ba sabon shiga shawarar farawa da shi.

Kayan kiwon ma suka sauya. Kejin zarɓa yana da kyau, amma ramukansa maɓoya ce ta jajayen ƙwarin nan masu shan jini da ke addabar kaji a akurki. Da rana ba ka ganinsu, da dare suke fitowa. Dabarar gano su ita ce a lulluɓe keji da farin ƙyalle da daddare, da asuba a duba cikinsa da fitila, in ka ga ɗige-ɗige ja suna motsi to ka san dalilin da tsuntsunka ke ramewa. Kejin waya ana iya wanke shi da ruwan zafi, shi ya sa ya yi nasara. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sayen dogo zuwa sama, mai kubba da ado. Waɗannan tsuntsaye a kwance suke tashi, daga wannan sanda zuwa waccan, saboda haka faɗi suke buƙata, kuma tazarar waya kada ta wuce santimita ɗaya. Zibra da bangali kuma ba a ajiye su ɗai-ɗai kamar yadda aka saba da kanari, 'yan taro ne.

A abinci, yau kantuna cike suke da buhunan Beljiyam irin su Versele-Laga, kuma ba ni da ta cewa a kansu. Sai dai ban yarda cewa wanda bai iya sayensu ba ya fita daga sahu. Gero mai kyau daga wurin masu hatsi, a haɗa da ƙwayar kanari, ya wadatar a matsayin tushe. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗebi kaɗan ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, in mafi yawansa ya tsiro cikin kwana uku mai rai ne, in bai tsiro ba tsohon kaya ne. Laimar Jidda ba ta barin hatsi ya daɗe, don haka a saya kaɗan-kaɗan a rufe a kwalba, wanda ya yi warin funfuna a zubar ba tare da jin ciwo ba. Sai ganye, latas ko ɗan yankin kokwamba, a cire kafin ya yi yaushi. Sai dafaffen ƙwai a murmushe lokacin reno da lokacin sake gashi, shi ma kada ya wuce 'yan sa'o'i a wannan zafi. Sai ƙashin habbar, farin abin nan mai kama da alli da teku ke jefowa gaɓa, wanda mace ke gwaguya don ɓawon ƙwanta ya yi ƙwari. Ruwan sha a sauya kullum, a ajiye faranti marar zurfi na wanka. Abin da nake faɗa da shi a kullum shi ne ɗabi'ar fasa kafso a ruwan tsuntsu da zarar ya kumbura gashi. Ba kowace cuta ce ke jin wannan magani ba. Wanda ke numfashi da 'yar ƙara da dare yana buɗe baki, musamman kanari da guldiyan, sau da yawa ƙwari ne a hanyar iskarsa, kuma maganinsu daban ne, sai likitan dabbobi ya auna. Sabon tsuntsu daga kasuwa kuma a ware shi wata guda kafin ya haɗu da na gida.

Abu biyu na gidajenmu suna kashe tsuntsu ba a sani ba. Ɗaya turaren wuta. Huhun tsuntsu ba irin namu ba ne, hayaƙin da uwargida za ta turara ɗaki da shi ya yi ƙamshi yana iya kwantar da shi, haka ma feshin sauro. Na biyu iskar na'urar sanyaya ɗaki in tana dukan keji kai tsaye.

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aikin rushe tsofaffin unguwannin Jidda ya haɗa da Hindawiyya da Sabil da Gulel da Karantina. Masu kiwo sun yi asarar abin da ba ya cikin lissafin kowa, wato saman bene, inda manyan kejina suke shan hantsi da iskar teku. Cikin gaggawar kwashe kaya wasu suka kai tsuntsayensu kasuwar kudancin gari suka sayar a wulaƙance, wasu suka buɗe musu ƙofa da niyyar sadaka. Na roƙi duk wanda na iya riska kada ya yi haka. Zibran da aka haifa a keji bai san neman ruwa ba, kuma hankakin Jidda da kyanwoyinta ba sa ba shi ko yini.

Yanzu mun warwatsu a gidajen haya na bene, cinikin ya koma WhatsApp da shafin Haraj, kuma matsalar da ta fi zuwa mini a waya ita ce ta macen da ƙwai ya maƙale mata. Za ka same ta a ƙasan keji ta kumbura, wutsiya na bugawa. Mai ita ya ce, "Baba, wallahi ga ƙashin habbar nan a rataye." To amma jiki ba ya amfana da shi sai da sinadarin bitamin D3, wanda hasken rana ke samarwa, kuma gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ke wannan aiki. A saman bene ba mu san da wannan ba domin rana kyauta take zuwa. A ɗaki rufaffe sai dai a buɗe taga a kai keji bakinta da hantsi na ɗan lokaci, a rufe rabinsa da ƙyalle don ya sami inuwar gudu, ko a nemi garin alli mai haɗe da bitamin ɗin a riƙa barbaɗawa a kan ƙwai. Macen da ta yi reno sau biyu ko uku a jere kuma a cire mata kwando ta huta, ko da namijin yana ta yawo da ciyawa a baki.