Ƙofar tsaron intanet: yadda ake raba lodi tsakanin layi biyu

Ƙofar tsaro na'ura ce da ake girkawa tsakanin kwamfutocin ma'aikata da intanet. Ita ke tace abin da ke shiga da fita, ita kuma ke zaɓar layin da kowane saƙo zai bi. Cikin waɗanda aka fi sani akwai MikroTik, FortiGate da pfSense.

A Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa, in rezo ya ɗauke a wurin aika kuɗi, aiki ya tsaya, jama'a su yi ta jira. Maganin haka shi ne a haɗa layi biyu a kan na'ura guda, misali waya ta Niger Telecoms da 4G na Airtel, Moov Africa ko Zamani Telecom.

Tsari biyu ake yi. A na farko, layi guda ke aiki, ɗayan yana jiran ko-ta-kwana. Na'urar tana yawan taɓa wata lambar IP ta waje, in ta ji shiru sai ta koma layin ajiya. A na biyu, layukan suna aiki tare, ana raba musu lodi gwargwadon ƙarfinsu. In ɗaya mega 20 ne, ɗayan 10, babban zai ɗauki kashi biyu cikin uku. Sai dai fayil guda da ake saukewa layi ɗaya yake bi, ba zai samu mega 30 ba.

Shafukan banki na iya korar mutum in lambar IP ɗinsa ta sauya a tsakiyar aiki. Don haka ake kafa doka ta ɗaure su a layi guda. Ana kuma rage wa bidiyo gudu don kada ya danne aikin kuɗi.

Abu mafi muhimmanci shi ne hanyar da layukan ke bi zuwa waje. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinta yana ratsowa ta maƙwabta irin su Benin da Najeriya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala, har da Nijar. Layi biyu masu tushe ɗaya tare suke faɗuwa. Starlink, da ya fara aiki a Nijar a 2025, ta tauraron ɗan Adam yake zuwa, don haka ya dace da layin ajiya.

Bayan girkawa, a cire wayar babban layi da gangan a ga ko na biyu ya karɓa.