Gadon da alƙali ba ya rabawa

Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi. Da Bello ya rasu a 1837 kuwa, ɗan'uwansa Abubakar Atiku aka naɗa, ga 'ya'yansa nan da ransu. Sarauta ke nan, shawarar manya ke yanke ta. Dukiya ita ce mai tsayayyen lissafi: namiji rabon mata biyu, matar mamaci tumuni idan akwai 'ya'ya. Mu masu rubuta manhaja mun san sunan Al-Khawarizmi, amma ƙalilan ne suka san cewa babban sashe na littafinsa na aljabra, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen 820, matsalolin wasiyya da gado ne.

Gado na uku ya fi damuna: amosanin jini, wato sikila. Sai a 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya bayyana ƙwayoyin jinin nan masu siffar lauje. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana samun kariya daga matsanancin zazzaɓin cizon sauro, dalilin yaɗuwarsa a ƙasarmu ke nan. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, mace ko namiji duk ɗaya, kuma auren zumunci kan haɗa irin waɗannan.

Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. A birnin Shehu har yanzu akwai gidajen da sai an sa rana, an kai lefe, sannan a tuna da takardar asibiti.